Yadda tsohuwar kalmar sirri ɗaya ta jawo layin mai a Greensboro

Tun da na saki bidiyon rauta, ana ta tambayata: daga ina mutum zai fara koyon tsaron netwok? Amsata tana nan garinmu, Greensboro.

Wanda yake nan a watan Mayun 2021 ba zai manta ba: gidajen mai sun ƙafe, layi kamar a Kano lokacin wahalar fetur. Bututun kamfanin Colonial Pipeline, mai kawo kusan kashi 45 cikin ɗari na man gabashin Amurka, manyan tankunansa suna nan kusa da filin jirgi. Ranar 7 ga Mayu 'yan kutsen DarkSide suka kulle kwamfutocin kamfanin, aka tsayar da bututun har zuwa ranar 12, aka biya kuɗin fansa wajen dala miliyan 4.4.

To ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Kalmar sirri kawai yake nema, babu tantancewa ta biyu. Shi ke nan fa!

Wannan ne ya sa na koma kan rautar gidana, kuma nan nake so kai ma ka fara. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1.

Na farko, canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Na biyu, duba jerin na'urorin da ke haɗe. Wadda ba ka gane ba, kore ta. Na uku, sa tsaron Wi-Fi a kan WPA2 ko WPA3, ka sabunta manhajar rautar. Na huɗu, buɗe wa baƙi da talabijin layinsu daban, don in an shiga ɗaki ɗaya kada a samu gidan duka. Sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu a imel da WhatsApp.

In hannunka ya faɗa, sauke Nmap da Wireshark, kyauta ne, ka ga ƙofofin da ke buɗe da bayanan da ke wucewa. Amma a kan netwok ɗinka kaɗai. Taɓa na wani ba izini laifi ne, a nan da gida Najeriya.

A bidiyo na gaba za mu yi Nmap tare.