Inna Uwar Gona da Matan da Suka Yi Mata Hidima

Daga Achilafiya zuwa Roni da Gwiwa, kowa ya san ciwon shan inna, amma kaɗan ne suka san wace ce Innar. Tun kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, har bayan haka a ƙauyukan Maguzawa, Inna babbar iska ce a bori. Manoma na kiran ta Uwar Gona, suna yi mata yanka don damina ta yi albarka. Wasu kuma Doguwa suke ce mata. Ba'amurken nan Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya kawo labarin waɗannan iskoki a littafinsa na 1946.

Mata ne suka fi riƙe hidimarta. Wadda ta daɗe ba ta samu ciki ba, ko mai wabi, sai a kai ta wurin 'yan bori. A can cikin gida mata su kifa ƙwarya su kama kiɗa, iska ta hau goɗiyarta, ta faɗi abin da take so, ko nono ko akuya, sannan ta sauka da atishawa. A Gobir abin har sarauta ne. Mace mai sarautar Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarki, ita ce uwar 'yan bori, kuma sarautar ta ɗore a Tsibiri, kusa da Maraɗi, bayan jihadin 1804.

Matan tsohuwar Rum ma suna da tasu, Bona Dea, wadda suke roƙon haihuwa da lafiya a wurinta. Kowace Disamba sukan yi mata bikin dare a gidan wani babban mai mulki, bayan an fitar da duk wani namiji. A shekara ta 62 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mai suna Clodius ya yi shigar mata ya kutsa bikin a gidan Julius Caesar. Asirinsa ya tonu, Caesar kuma ya saki matarsa Pompeia.

Abin da ya kai matan can da na nan ga waɗannan iskoki ɗaya ne: tsoron gorin haihuwa da zafin binne 'ya'ya, a zamanin da babu asibitin zamani. Addini ya raba mu da bautar, amma ragowar tunanin na nan. Har yau akwai mai cewa iska ce ta shanye ƙafar yaro, alhali ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, daga ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Ɗigon rigakafi ne ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar a Agustan 2020.

Saboda haka, iyaye mu ci gaba da miƙa yara rigakafi. Idan kuma haihuwa ta yi jinkiri, a haɗa addu'a da asibiti, kuma maigida ya je tare da matarsa, domin matsalar na iya kasancewa daga gare shi.