Lamba 777: ƙofar da masu kula da sabar girgije ke bari a buɗe

Shafukan intanet da dama suna zaune ne a kan sabar haya ta kamfanoni irin su OVHcloud na Faransa ko AWS na Amurka, kuma galibinsu Linux ke tafiyar da su. A tsarin Linux kowane fayil yana da mai shi, yana da rukuni, sannan akwai sauran jama'a. Kowannensu ana ba shi izini da lamba: karantawa 4, rubutawa 2, kunnawa 1. Idan aka haɗa, 7 na nufin komai, 6 karantawa da rubutawa, 5 karantawa da kunnawa. Don haka 644 na nufin mai fayil zai iya gyara shi, saura kuwa sai dai su karanta.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a shafin WordPress. Ana son ɗora hoto, shafi ya ƙi karɓa, mai kula da sabar yana gaggawa, sai ya buga chmod 777. Hoto ya hau, kowa ya yi murna. Amma daga wannan lokaci duk wani asusu ko shiri da ke kan sabar zai iya rubutu a wurin, har da ɓarawon da ya samu kafa ta wata tsohuwar manhaja da ba a sabunta ba.

Sau da yawa ma ba lambar ce matsalar ba, mallaka ce. An kwafe fayilolin da asusun root, alhali a Ubuntu da Debian shafin yana aiki ne da asusun www-data. Maganin shi ne chown, wanda ke sauya mai fayil, sannan a bar folda a 755, fayil a 644. Fayil ɗin wp-config.php, mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, ya fi dacewa da 640 ko 600.

Shi kuwa SSH ba ya ɗaga ƙafa: mabuɗin sirrin da wasu za su iya karantawa, ƙin amfani da shi yake yi sai an mayar da shi 600 ko 400.

Abin tsoro na ƙarshe shi ne alamar -R, wadda ke bin duk abin da ke ƙarƙashin folda. Tazara ɗaya a wurin da bai dace ba, umarnin ya faɗa kan tushen sabar gaba ɗaya, har sudo ya daina aiki. Kafin irin wannan umarni, gara a ɗauki hoton faifan sabar, a kuma duba da ls -l.