Rashin Haihuwa: A Duba Iri, Ba Gona Kaɗai Ba

Manomin albasa a fadamar Tarka ya san abu guda. In shuka ta ƙi tsira, ba gona kaɗai ake tuhuma ba. Ana duba iri. Amma a gidajenmu na Madawa, Buza da Keita, in aure ya shekara uku babu goyo, mace ce ke shan magana. Wani ya yi mata kishiya, wani ya sake ta. Ta biyun ma ta zo, shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun tabbatar, a wajen rabin gidajen da abin ya shafa, akwai hannun namiji.

Dalilai suna da yawa: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, hangum da ya kama mutum bayan balaga, ko tsargiya da ake ɗauka a ruwan tafki. Akwai kuma wani da ba a cika sani ba.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka, girmanta kamar ƙwayar wake. Ita ce ke aika wa maraina umarni ta cikin jini, su yi iri, su kuma yi sinadarin mazantaka mai suna testosteron. In umarnin bai zo ba, aiki ya tsaya. Sai ka ga saurayi ya girma, gemu bai fito ba, murya ba ta buɗe ba. Magidanci kuwa sha'awarsa ta ragu, jiki ya mutu.

Wannan yana da magani. Likita na ba da allurar hCG sau 2 ko 3 a mako, wani lokaci ya haɗa da ta FSH. Su ne ke maye gurbin umarnin. Sai dai a yi haƙuri: iri na ɗaukar kwana 70 da ɗoriya kafin ya nuna, magani kuma kan kai wata 6 har shekara 2. In marainan ne da kansu suka lalace, waɗannan allurai ba sa aiki. Awo ne ke rarrabewa.

Jama'a, a kula da wannan ƙwarai. Allurar testosteron da wasu ke sayowa a wurin ci-rani, suna cewa ta ƙarfin maza ce, tana hana haihuwa. Gaskiya tana ƙara kuzari. Amma da ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya cika jini, sai ta daina aika umarni, iri ya ƙafe. In an bar ta yakan dawo, amma bayan watanni.

Wanda ya shekara guda da iyalinsa ba a samu rabo ba, su tafi likita tare. Ana awon jinin namiji da safe, ana awon maniyyinsa bayan ya ƙaurace wa shimfiɗa kwana 2 zuwa 7. Abin da ya fi ƙarfin asibitin gunduma, za a ba shi takarda zuwa Tawa ko Yamai.