Aikin likitocin mishan a lokutan annoba a Arewacin Najeriya

Aikin likitocin mishan shi ne hidimar jinya da likitoci da ma'aikatan jinya Kiristoci suke yi a wata ƙasa da ba tasu ba, a ƙarƙashin ƙungiyoyin yaɗa addininsu. A Arewacin Najeriya, ƙungiyoyi biyu ne suka fi shahara da wannan aiki: Church Missionary Society (CMS) ta ƙasar Ingila, da Sudan Interior Mission (SIM). Tarihinsu yana haɗe da tarihin cututtuka masu yaɗuwa, domin cuta ce ta buɗe musu ƙofar masarautun Musulmi bayan wa'azi ya kasa buɗe ta, kuma cuta ce ta kashe da dama daga cikinsu.

Farkon zuwa

A shekarar 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar isa ƙasar Hausa. Gowans da Kent sun rasu a 1894 sakamakon rashin lafiya, Bingham ne kaɗai ya koma gida, kuma shi ya ci gaba da jagorancin SIM. A 1900 tawagar CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, tare da likita Walter Miller, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya, sannan aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, inda asibitinsu yake har yau.

Bayan Turawa sun ci ƙasar, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Shi ya sa lokacin da annobar mura ta 1918, wadda ake kira marisuwa, ta shigo ta Legas a watan Satumba ta bazu zuwa Arewa, babu asibitin mishan a Kano. An kiyasta cewa annobar ta kashe mutum kusan dubu ɗari biyar a Najeriya.

Kuturta da asibitin Bela

Al'amarin ya sauya a shekarun 1930. Kuturta ta yi yawa, En'e ba ta da isassun likitoci, kuma ma'aikata kaɗan ne suke yarda su zauna cikin kutare. A 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare na Kano da Katsina da Sakkwato. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa, na Kano kuwa yana Yadakunya a ƙaramar hukumar Ungoggo ta yanzu. Shi ne mutanen Kano suke kira asibitin Bela, kuma ta Dakata ake bi zuwa can daga cikin gari.

Sansanin ya fi kama da ƙauye fiye da asibiti. Majinyaci yakan yi shekaru a ciki, yana noma, yana karɓar allurar man chaulmoogra, wadda take da zafi kuma amfaninta kaɗan ne. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka samu ƙwayar dapsone, wadda gwajin da aka yi a Uzuakoli, a gabashin Najeriya, ya taimaka wajen tabbatar da ingancinta. Daga nan aka fara sallamar mutane da yawa sun warke.

Wannan zama na dogon lokaci shi ne tushen saɓanin da ya biyo baya. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa burinsu ya haɗa da wa'azi ba, kuma sun buɗe makarantu a sansanonin. Sarakuna da iyaye sun sha yin ƙorafi a kan koyar da 'ya'yan Musulmi addinin Kirista. Duk da haka ba a rufe sansanonin ba, domin babu wanda zai maye gurbin masu aikin. A 1943 SIM ta ƙara buɗe asibitin ido a Kano ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh, sannan asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950.

Zazzaɓin Lassa

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a sani ba a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta asibitin SIM na Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, an tafi da ita New York, ta yi doguwar jinya ta warke. Daga samfurin jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin.

Cutar ta dawo Jos a farkon 1970. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a yatsa yayin da take binciken gawar wani majinyaci, ta rasu a watan Fabrairu. Sunayen waɗannan Turawa ne suka shiga littattafai, amma yawancin waɗanda suka mutu a ɓarkewar ta 1970 'yan Najeriya ne, majinyata da ma'aikatan asibitin.

Zamanin korona

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi sun karɓe yawancin asibitocin mishan, har da na Yadakunya. Wasu, kamar asibitin ido na Kano, suna hannun cocin ECWA, wadda aka kafa a 1954. Saboda haka lokacin da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, 'yan ƙasa ne suke riƙe da waɗannan asibitoci. An riga an hana jiragen ƙasashen waje sauka tun watan Maris, kuma ba a sake buɗe musu hanya ba sai Satumba, don haka kawo likitocin sa-kai daga waje ya yi wuya a watannin da aka fi mace-mace a birnin. A Galmi kuwa, har yanzu SIM ce take gudanar da asibitin, inda likitoci baƙi suke aiki tare da 'yan Nijar.