4.3 Ma'anar Siyasa a Fim ɗin V for Vendetta

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin fito da saƙon siyasar da ke ƙunshe cikin fim ɗin V for Vendetta, wanda James McTeigue ya ba da umarninsa, aka sake shi a shekarar 2006. An ciro labarin ne daga littafin zane na Alan Moore da David Lloyd, wanda aka fara bugawa a 1982, lokacin mulkin Margaret Thatcher a Ingila.

Babban jigon fim ɗin shi ne yadda azzalumin shugaba kan yi amfani da tsoro don ya mallake jama'a. Idan aka lura, jam'iyyar Norsefire ba juyin mulki ta yi ba. Jiga-jiganta ne suka saki ƙwayar cuta a wata makaranta da tashar jirgin ƙasa da kuma wurin tace ruwan sha, dubban mutane suka mutu, aka ɗora laifin a kan 'yan ta'adda. Daga nan sai jama'a, cikin firgici, suka jefa wa Adam Sutler ƙuri'a. Ke nan fim ɗin bai wanke talakawa ba, domin da hannunsu suka miƙa 'yancinsu a kan alkawarin tsaro. Wannan shi ne zargin da tauraron fim ɗin, wato V, ya yi masu a jawabinsa na talabijin. Har ila yau, galibi ba a ganin Sutler sai a wani ƙaton allo yana daka wa muƙarrabansa tsawa. Abin sha'awa shi ne John Hurt, wanda ya fito a matsayin Sutler, shi ne ya fito a matsayin Winston Smith, mutumin da gwamnati ta murƙushe a fim ɗin 1984.

Waɗanda gwamnatin ta ware a matsayin abokan gaba sun haɗa da Musulmi da baƙin haure da 'yan adawa da 'yan luwaɗi da maɗigo. Alal misali, an kama Gordon Deitrich saboda ya yi wa Sutler ba'a a shirinsa na talabijin, amma abin da ya jawo aka kashe shi shi ne Alƙur'anin da aka samu ɓoye a gidansa. Wannan ya nuna cewa masu fim ɗin yanayin bayan harin 11 ga Satumba, 2001 suke hange, ba Ingilar Thatcher ba. Shi kansa Moore ya nisanta kansa da fim ɗin, yana ganin an mayar da karon da ya tsara tsakanin mulkin fasistanci da aƙidar rashin gwamnati ya koma rikicin siyasar Amurka ta zamanin George W. Bush.

Inda fassarar fim ɗin ta fi wuya shi ne a kan shi V ɗin kansa. Yana sanye da fuskar Guy Fawkes, ɗan ɗariƙar Katolika da aka kama ranar 5 ga Nuwamba, 1605 yana gadin albarushin da aka shirya don tarwatsa majalisar dokoki tare da Sarki James na Ɗaya. Fawkes da abokansa neman ɗora ɗan ɗariƙarsu a kan karaga suke yi, ba mulkin jama'a suke fafutika ba. Fim ɗin ya ɗauki fuskar ya bar tarihin. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda V ya kashe ma'aikatan sansanin Larkhill ne, inda aka tsare shi a ɗaki mai lamba biyar aka yi gwajin magunguna a jikinsa, don haka da wuya a raba gwagwarmayarsa da ramuwar gayya. Abu mafi nauyi kuwa shi ne yadda ya kulle Evey Hammond, ya aske mata kai, ya azabtar da ita tana zaton a hannun hukuma take, wai don ya cire mata tsoro. A ganin mai wannan nazari, fim ɗin ya yi saurin yafe masa wannan aiki, alhali kuwa da makamin azzalumi ya yi amfani, kuma bai nemi yardarta ba.

Duk da haka, akwai hujjar da ke nuna cewa masu fim ɗin sun san da wannan rauni. Ba V ne ya tarwatsa majalisar ba a ƙarshe. Ya bar wa Evey zaɓin ta tura jirgin da ke ɗauke da bama-bamai ko ta fasa, domin ya yarda cewa shi ɗan tsohon zamani ne, ba shi da gurbi a sabon. Haka kuma gwamnatin ta riga ta ruɓe daga ciki kafin fashewar: Creedy, shugaban 'yan sandan ciki, shi ya harbe Sutler, sojoji kuma suka ƙi buɗe wuta a kan taron jama'ar da suka fito sanye da fuskar Fawkes, saboda babu wanda ya rage da zai ba su umarni. Sai dai fim ɗin ya tsaya a daren fashewar, bai nuna wanda ya karɓi ragamar mulki da gari ya waye ba, kuma wannan tambaya ce da littafin Moore ya fi tsayawa a kanta.