UWARGIDA, KULA DA ƘAFARKI: KUMBURI DA GYAMBO

Uwargida, in ƙafarki tana nauyi da yamma, idon sawu ya kumbura, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a sharaɓa, to wannan sanarwa taki ce. Ki karanta, ki kuma karanta wa wadda ba ta iya ba.

MENE NE SANADI?

Jinin da ya sauka ƙafa tilas ne ya hau ya koma zuciya. A cikin jijiyoyin da ke mayar da shi akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai, naman sharaɓa kuma shi ke tura jinin duk sa'ad da kika taka. In ƙofofin nan suka saki, sai jini ya kwanta a ƙafa. Fata ta yi duhu, ta riƙa ƙaiƙayi, ƙaramin ƙwarzane a saman idon sawu ya zama gyambo. Ba sammu ba ne. Yawan haihuwa, ƙiba, gado da doguwar tsayuwa su ke jawo shi, kamar mai wuni tsaye a kasuwar Barnawa ko mai wuni zaune kan keken ɗinki.

ABIN DA ZA KI YI A GIDA

1. Ki kwanta ki ɗora ƙafa bisa matashi har ta ɗara ƙirjinki tsawo, minti 30, sau 3 a rana.
2. Ki riƙa tattaki kullum. In aiki ya tsare ki wuri ɗaya, ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa.
3. In kina da ciki, ki kwanta ta gefen hagu, kada kuma ki fasa zuwa awo.
4. Ki wanke gyambo da ruwan da aka tafasa ya huce, ki rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda.
5. Kada ki barbaɗa toka, garin kafso ko kashin shanu. Kada a yi miki tsaga ko ƙaho a ƙafar.

ABIN DA ZA A YI MIKI A ASIBITI

Duk mikin da ya yi mako 2 bai warke ba, ki kawo mu gani. Za a auna jininki, a duba ko akwai ciwon sukari ko sikila, don su ma suna kawo gyambo. Za a kuma duba ko jini na isa ƙafar sosai. In yana isa, sai nas ta naɗa miki bandeji mai matsewa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Matsin nan shi ne babban magani, don shi ke mayar da jini sama. Kada ki naɗa da kanki. In yatsu suka yi sanyi, suka canja launi ko suka mutu, ki kwance shi ki dawo nan take.

Sai kin yi haƙuri, warkewa takan ɗauki watanni. Bayan an warke ma, sai ki riƙa sa safa mai matsewa don kada ya dawo.

KADA KI KWANA A GIDA IN KIN GA WAƊANNAN

1. Ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo, musamman cikin jego. Mai yiwuwa jini ne ya daskare. Kada a murza.
2. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai da gani dishi-dishi ga mai ciki. Alamar hawan jini ce mai kawo jijjiga.
3. Kumburi da haki bayan haihuwa. Ki bar kunun kanwa, zuciya ce take wahala.
4. Gyambo mai wari da mugunya tare da zazzaɓi.

Maigida ya kai ki Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ba tare da jinkiri ba.

Daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna