Jirgin ruwan shaƙatawa na haya: me ake biya, wa ke aikin, ina kuɗin ke tafiya?

Duk lokacin hutun Turai, a watannin Yuli da Agusta, shafukan Facebook da TikTok na cika da hotunan ƴan ƙwallo da mawaƙa a kan fararen jiragen ruwa a gaɓar Faransa, Italiya ko Spain. Mai kallo yakan ɗauka kowa da nasa. Alhali da yawansu haya suka ɗauka, galibi ta mako guda. Irin wannan jirgi, da Turawa ke kira yot, sana'a ce babba, kuma yana da wani hali da duk mai motar haya zai gane: yana cin kuɗi ko yana tafiya ko yana tsaye.

Yadda ake ɗaukar haya

Mai haya ba ya ganin mai jirgi. Dillalai ne ke shiga tsakani, kuma a Bahar Rum akasari ana amfani da takardar yarjejeniya ta MYBA, wato ƙungiyar dillalan waɗannan jirage. Kuɗin hayar ya ƙunshi jirgin, ma'aikatansa da inshorarsa. Sauran duka mai haya ne ke ɗauka: gazuwal, abinci, abin sha da kuɗin tsayawa a tashoshi. Don haka kafin tashi yake ba da wani kuɗin kafin alƙalami da ake kira APA, wanda yakan kai kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na kuɗin hayar. Kyaftin ne ke riƙe shi, yana rubuta duk abin da ya kashe, in an dawo a yi lissafi. In da saura a maido wa mai haya, in bai isa ba ya cika.

Mu ɗauki misali. A ce jirgi mai tsawon mita 40, hayarsa Yuro 150,000 a mako. Tun da Yuro ɗaya CFA 655.957 ne, wannan ya haura miliyan 98 na CFA. APA na kashi 30 zai ƙara Yuro 45,000. In daga Faransa aka tashi, harajin TVA na kashi 20 zai ƙara 30,000. Tukuicin ma'aikata, wanda MYBA ke ba da shawarar ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 15, a ce 15,000. Jimilla Yuro 240,000, wajen miliyan 157 na CFA a kwana bakwai.

Duk girman jirgin kuwa, mafi yawa baƙi 12 kawai yake ɗauka. Dalili shi ne, a yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, SOLAS, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 12 ya zama jirgin fasinja, sai dokoki masu tsauri da tsada su hau kansa.

Mutanen da ba a gani a hoto

Jirgi mai mita 40 yakan buƙaci ma'aikata bakwai zuwa tara. Akwai kyaftin da mataimakinsa, akwai injiniya mai kula da injuna, kuku, masu hidimar ɗakuna da tebur, da matuƙan saman jirgi masu wanki, ɗaure igiya da tuƙa ƙaramin kwale-kwalen da ke kai baƙi gaɓa. Kyaftin ne ke da maganar ƙarshe a kan tsaro. In ya ga iska ta tashi, yana da ikon ƙin fita, ko da mai haya ya biya miliyoyi.

Aikin ba hutu ba ne. Ana tashi kafin baƙi, a kwanta bayansu, a kwana a ƙananan ɗakuna a ƙasan jirgi. Yarjejeniyar MLC ta 2006, ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shafi jiragen haya, kuma ta ce dole ma'aikacin teku ya samu hutun aƙalla awa 10 a cikin awa 24, da awa 77 a mako. Kafin a ɗauki mutum sai yana da takardar horon farko ta STCW, inda ake koyon kashe gobara, taimakon gaggawa da tsira a ruwa, da kuma takardar likita. Wannan yarjejeniya ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki don sama masa gurbi. Saboda haka duk matashin da aka ce ya turo kuɗi ta waya don a ba shi aiki a jirgin ruwa a Turai, ya yi hattara.

Gishiri, tsatsa da gazuwal

Babban abokin gabar jirgi shi ne ruwan da yake zaune a kai. Gishirin teku yana cin ƙarfe, yana dusar da fenti, shi ya sa ake wanke jirgin da ruwan daɗi kusan kullum. A ƙarƙashinsa gansakuka da ƙananan halittun teku ke mannewa, su rage masa gudu, su ƙara masa shan mai. Don haka ake fitar da shi daga ruwa lokaci zuwa lokaci, a kankare, a shafa fenti na musamman. A nan ne kuma ake sauya wasu guntayen ƙarfen zinki da ake liƙawa a jikinsa da gangan domin tsatsa ta ci su a maimakon farfela da gangar jirgin.

A ciki akwai manyan injuna, sau da yawa guda biyu, na kamfanoni irin su Caterpillar ko MTU. Ba a auna aikinsu da kilomita kamar mota, da awa ake ƙirgawa, kuma da awannin ne ake sanin lokacin juyen mai da sauya matatai. Idan jirgin na gudu, lita ɗaruruwa yake sha a awa guda. Ko ya tsaya, injunan ba da wuta ba sa hutawa, don su ke riƙe da na'urorin sanyaya ɗaki, firji, da na'urar da ke tace ruwan teku ya zama na sha. In aka kashe sanyin na tsawon lokaci, danshi ya shiga, katako da kujeru su yi funfuna.

Ga kuma takardu. Jirgin na ɗauke da tutar wata ƙasa, sau da yawa Malta, tsibiran Cayman ko tsibiran Marshall. Hukumomin duba jirage kamar Bureau Veritas da Lloyd's Register na bincikarsa duk shekara, su yi babban bincike duk shekara biyar. Ba takarda, ba inshora, ba haya. Idan kakar Bahar Rum ta ƙare wajen Oktoba, wasu jiragen su shiga wuraren gyara irin na La Ciotat kusa da Marseille, wasu su tsallaka Atlantika zuwa yankin Karebiyan, inda kakar ke kamawa daga Disamba zuwa Afrilu.

Shin akwai riba?

Masu sana'ar na da wani ƙiyasi da suka saba da shi: kula da jirgi na cin kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin sayensa kowace shekara. Jirgin Yuro miliyan 10 ke nan zai ci miliyan ɗaya, wato CFA miliyan 656. In muka koma misalinmu, bayan dillalai sun cire ladarsu, wadda kan kai kashi 15 zuwa 20, mai jirgi zai tsira da wajen Yuro 120,000 a mako. Sai ya samu haya fiye da mako takwas kafin ya maido da kuɗin kulawa kaɗai, ga shi Yuli da Agusta gaba ɗaya ba su wuce mako tara ba, kuma darajar jirgin na raguwa. Shi ya sa yawancin masu jirage ke ba da haya don rage nauyi, ba don neman riba ba.

Darasin Alfa Nero

Abin da ya faru da Alfa Nero ya nuna haka ƙarara. Kamfanin Oceanco na ƙasar Holand ne ya ƙera shi a 2007, tsawonsa ya haura mita 80, kuma ya yi suna a kasuwar haya. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine a 2022, ya maƙale a tashar Falmouth ta ƙasar Antigua da Barbuda, Amurka kuma ta sa masa takunkumi tana danganta shi da attajirin Rasha Andrey Guryev. A 2023 gwamnatin Antigua ta ce an yi watsi da shi, ta karɓe shi. Daga nan nauyin ya dawo kanta: kusan dalar Amurka 28,000 a kowane mako, sama da CFA miliyan 15, kan jirgin da ba ya zuwa ko'ina.

A gwanjon Yunin 2023, tsohon shugaban Google, Eric Schmidt, ya taya shi dalar Amurka miliyan 67.6, amma ya janye saboda ƙararrakin da ke gaban kotu. Sai a Yulin 2024 aka sayar da shi kan miliyan 40. A tsawon wannan jira, kuɗin man injunan wuta da albashin ƴan ma'aikatan da suka rage daga baitulmalin ƙaramar ƙasar mai mutane kusan 100,000 suka riƙa fita, domin da an bar jirgin ya lalace a tashar, da ba a samu mai saye ba.